Allurar Gida ko Keken Tela: Muhawara kan Ɗinkin Babbar Riga a Ƙauyukan Jazira da Nilu Shuɗi

Akwai wata mas'ala da ta daɗe tana kai komo a tsakanin Hausawan ƙasar Sudan, tun daga ƙauyukan Jazira da ke jere a gefen magudanan ruwa, har zuwa garuruwan bakin Kogin Nilu Shuɗi, daga Mai Wurno zuwa Sinja da Rusairis da Damazin, wadda ko da yake a zahiri ba ta wuce zancen allura da zare ba, idan aka tsananta bincike sai a tarar ta taɓo tattalin dukiya, da tarbiyyar yara, da matsayin mutum a cikin ƙasar da aka haife shi. Mas'alar kuwa ita ce: shin ya kamata magidanci ya riƙa yanka rigarsa ta gado, watau babbar riga da 'yar cikinta da wandonta, a ɗinka ta a gidansa da hannunsa ko da hannun iyalinsa, ko kuwa abin da ya fi dacewa da zamani shi ne ya bar wa tela aikinsa, ya sayi jallabiya a kasuwa kamar sauran maƙwabta, ya huta? Kowane ɓangare yana da dattawa masu hankali, kowanne kuma yana riƙe da hujjar da ba a ture ta da gatse, saboda haka adalci shi ne a saurari kowa har ya dasa aya, kana a yanke hukunci.

Kafin a shiga hujjoji, wajibi ne a tuna yadda rigar ta iso wannan wuri. Mutanen ƙasar Hausa da Barno sun daɗe suna ratsa Sudan a kan hanyar Hajji, ta Wadai da Darfur da Kurdufan, su gangara Sawakin su haye Bahar Maliya. Amma babbar hijira ta auku ne bayan da Turawan Ingila suka ci Sakkwato a 1903, Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi shahada a Burmi a cikin wannan shekara, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a ya nufi gabas, har suka sauka a garin Shaikh Talha wajen 1906, daga bisani suka haye kogi suka kafa garin da ake kira da sunansa, kudu da Sinnar kaɗan. Da aka kammala madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, aka buɗe gonakin audugar Jazira, sai buƙatar masu aiki ta tsayar da dubban maniyyata a hanya, suka kafa ƙauyuka da sansanonin ma'aikata waɗanda ake kira kambo, suna noma suna tara guzurin ƙarasawa Makka, har 'ya'ya da jikoki suka tashi ba su san wata ƙasa ba sai wannan. A cikin waɗannan ayari akwai malamai da almajirai masu yawa, allura kuwa a ƙasar Hausa sana'ar malamai ce tun fil'azal, domin tana tafiya da karatu, ba ta da nauyin ɗauka, kuma duk inda matafiyi ya sauka yana iya cin abinci da ita.

Masu goyon bayan ɗinkin gida suna fara kafa hujja da addini. Suna cewa malaman tarihi sun ambata Annabi Idrisu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, shi ne farkon wanda ya ɗinka tufa. Kuma an ruwaito daga Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kasance yana ɗinke tufarsa yana gyara takalminsa a cikin gidansa, alhali kuwa da ya so da dubban sahabbai sun yi rige-rigen yi masa. Suna ƙarawa da cewa Mujaddadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, duk da jama'ar da ke kewaye da shi, an san shi da tufkar igiya don ya ci daga guminsa, ɗansa kuma Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya lissafa maɗinka da marina a cikin masu sana'ar da ya wajaba shugaba ya raya, a littafinsa Usulus Siyasa. To, in ji su, zuriyar da ta baro ƙasarta don ta riƙe tafarkin waɗannan bayin Allah, yaya za ta ɗauki riƙon allura abin kunya ga namiji, ko ɓata lokaci ga mai iyali?

Hujjarsu ta biyu ta fi kusa da kasuwa. Tela ɗan ƙasa, wanda ake kira tarzi, da ke zaune da kekensa a barandar kasuwar Wad Madani ko Sinnar, gwani ne a kan jallabiya da arragi da sidiri da sirwal, amma galibinsu ba su taɓa fasa wuyan babbar riga ba. Wanda ya kai musu shaddarsa sau da yawa yakan karɓo wata aba wadda ba riga ba, ba jallabiya ba. Sayo ɗinkakkiya daga Kano ko Zariya kuwa, ko ta hannun fatake masu bi ta Cadi, ko ta hannun alhazai masu komowa daga Makka, yana tattare da tsada da jinkiri da rashin tabbacin awo. Alhali kuwa jikin babbar riga ba shi da wuyar haɗawa ga mai natsuwa, domin dukan yankanta miƙaƙƙe ne: a auna faɗi daga yatsun hannu zuwa yatsun hannu, a auna tsawo daga kafaɗa zuwa ƙwauri, a haɗa ƙyallaye a ninka, a fasa wuya, a ɗora babban aljihu a ƙirjin hagu, a bar gefuna a buɗe a kama su daga ƙasa, sa'an nan a sa shafi a yi kalmasa. Ita jallabiya ma, da hannayenta da ƙarin da ake sa mata a gefe da aljihun da ke ɓoye a cikin ɗinki, ta fi ta buƙatar gwanintar almakashi. Wanda ya iya wannan ya kuɓuta daga jiran kowa, kuma Hausawa sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Ta uku kuwa hujja ce mai taɓa zuciya, wadda ta shafi audugar kanta. Shekara da shekaru hannayen iyayenmu ne suka shuka audugar Jazira mai dogon gashi, suka nome ta, suka tsince ta daga watan Janairu zuwa Maris, aka auna aka kai injinan gurza na Maringan da Hasahisa, aka ɗora a jirgin ƙasa zuwa Bur Sudan, ta haye teku zuwa masaƙun Lankashaya a Ingila, ta komo musu a matsayin yadi mai tsada. A ƙarƙashin kamfanin Turawa da ya riƙe gonakin har 1950, da hukumar Jazira mai mazauni a Barakat wadda ta gaje shi, mai hawasha, watau gonar haya, ya kasance yana miƙa audugarsa duka ne a sayar a raba kuɗin, balle ɗan ƙodago wanda ba shi da ko taƙi. Ta haka mazari da masaƙa suka yi rauni a gidajen mutanen da suke kwana suna tashi a cikin auduga. Masu wannan ra'ayi suna ganin cewa tun da kaɗi da saƙa sun kuɓuce, allura ce kaɗai ta rage a hannu daga cikin wannan silsila, idan kuwa aka sake ta, an yanke alaƙa ke nan baki ɗaya tsakanin manomin auduga da tufar jikinsa.

Suna rufewa da abin da kowa ya gani da idonsa. Yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilu na 2023 ya iso Wad Madani a Disamba na wannan shekara, ya kai Sinja a tsakiyar 2024. Kasuwanni suka rufe, hanyoyi suka yanke, wutar lantarki ta ɗauke, mutane suka fita daga gidajensu da tufar da ke jikinsu kaɗai. A irin wannan hali gidan da yake da mai iya yanka da ɗinki ya rufa wa kansa asiri, ya mai da tsohuwar rigar uba ta zama ta yara biyu, ya ɗinka wa maƙwabta ya sami abin sawa a baka, har likkafanin mamaci bai jira kowa ba. Ilmin da ke cikin yatsu ba a ƙwace shi a shingen hanya, kuma ba ya ƙonewa tare da rumfa.

Wannan shi ne iyakar ƙarfin ɓangare na farko. Ɗaya ɓangaren kuwa ba ya musun falalar sana'a, amma yana cewa an ɗora hukunci a kan tarihin da ba a tantance ba. A Kano ta dā, in ji su, wadda Bajamushe Heinrich Barth ya ziyarta a 1851 ya yi mamakin yawan tufafin da take fitarwa har zuwa Tumbuktu da Tarabulus, ba kowane magidanci ne ke ɗinka rigarsa ba. Riga guda takan bi ta hannun mace mai kaɗi, da masaƙi, da marini a Kura ko Ƙofar Mata, da maɗinki mai haɗa ƙyallaye, da malami mai zayyana, da mai aikin allura, da mabugi mai fito da ƙyallinta, kowanne yana cin abincinsa a kan gaɓarsa. Abin da ya ɗaukaka rigar Hausa har ta zama kyautar sarakuna shi ne rabon aiki da ƙwarewar kowa a kan nasa. Saboda haka wanda ya ce kowa ya ɗinka tasa don koyi da kakanni, ya jingina musu abin da mafi yawansu ba su yi ba.

Daga nan sai su juya ga lokaci. A ƙasar Hausa damina gajeriya ce, rani kuwa dogo, shi ya sa manomi yakan zama maɗinki ko masaƙi da zarar an kai amfanin gona gida. Jazira ba ta san wannan hutu ba, domin ruwan magudana ya cike shekara da aiki: a shuka gyaɗa da dawa da auduga da damina, a girbe dawa a shiga alkama da sanyi, a shiga tsinkar auduga, kafin a gama cire itacenta a ƙone wata damina ta kawo kai. Na bakin Nilu Shuɗi kuma suna tsakanin lambunan gaɓar kogi, da kamun kifi a tafkin madatsar Rusairis, da ƙodagon riɗi da dawa a manyan gonakin Dali da Mazmum. Jikin riga yana iya haɗuwa cikin 'yan kwanaki, amma riga ba ta amsa sunanta sai da aiki, aikin hannu kuwa, irin su aska biyu da aska takwas da tambari, yana cin makonni, wani lokaci watanni. Mutumin da ya ƙirga ladan kwanakin da zai zauna a kan tabarma da allura, zai tarar rigar da yake zaton ya samu da araha ta fi ta kasuwa tsada.

Suna ƙara da haɗarin ɓarna. Cikakken kaya na babbar riga yana cin kimanin yadi goma, alhali jallabiya ba ta kai rabin haka ba, kuma wuyar aikin duka tana taruwa a wuri guda, watau wuya da aljihu, inda kuskuren almakashi na yatsa biyu ya isa ya karkatar da riga har abada. Talakan da ya tara kuɗin shadda shekara guda, sa'an nan ya mai da ita fagen koyo, ya kusanci tozarta dukiya wanda shari'a ta hana. Kuma Imam Gazali a cikin Ihya'u ya sa saƙa da ɗinki a sahun farillan kifaya, waɗanda idan wasu suka tsayu da su sun ɗauke wa saura. Bai mai da su farilla a kan kowane mutum ba. Ibn Haldun ma ya lissafa ɗinki a cikin sana'o'in da suke bunƙasa da zaman birni da ƙwarewa. Tela kuwa ɗan'uwa ne mai iyali, sau da yawa ma Bahaushe ne, ko gwauruwa mai riƙon marayu da kekenta na Singer ko Butterfly. Idan kowa ya ɗinka tasa, wa zai ciyar da su?

Hujjarsu ta ƙarshe ita ce mafi nauyi, kuma ba a cika faɗinta da ƙarfi ba sai a cikin zaure. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta shar'anta cewa asalin mutum ya kasance a Sudan tun ƙarshen 1897, sharaɗin da ya bar zuriyar muhajiran Burmi da ma'aikatan Jazira a bakin ƙofa shekaru masu yawa, suna fafutukar takarda a ƙasar da suka raya da guminsu. Fitinar da ta tashi a jihar Nilu Shuɗi a watan Yuli na 2022, a kan ƙasa da sarautar gargajiya, wadda ta ci rayuka masu yawa ta raba dubbai da gidajensu, ta nuna cewa miki bai gama warkewa ba. Dattawan wannan ɓangare suna cewa malaman Malikiyya sun ba al'adar gari muhimmanci a sha'anin sutura, sun kuma ƙi tufar da ke sa a riƙa nuna mutum da yatsa. Jallabiya da rawani da hula farare sutura ce ta Musulunci cikakkiya, 'ya'yanmu kuma 'yan Sudan ne, a nan aka binne cibiyarsu. Idan ka je gari ka tarar kowa da wutsiya, in ji masu iya magana, kai ma ka nemi taka ka ɗaura.

To, ya kai mai karatu, idan aka ɗora waɗannan hujjoji a kan ma'auni, abu na farko da zai bayyana shi ne ɓangarorin biyu ba a kan tufa ɗaya suke magana ba. Masu goyon bayan kasuwa sun yi gaskiya game da suturar yau da kullum: babu hikima ga manomin da ruwa ke jiransa a hawasha ya zauna ɗinkin abin da tela zai gama masa kafin la'asar, kuma jallabiya ta zama tamu kamar yadda ta zama ta kowane ɗan Sudan, babu mai neman a tuɓe ta. Sun yi gaskiya kuma game da rabon aiki. Amma hujjar farillar kifaya da suka kafa, idan aka bi ta zuwa ƙarshenta, komawa take yi a kansu, domin hukuncin kifaya shi ne idan aka rasa mai tsayuwa da ita, laifi ya hau kan jama'a duka. A Kano mutum yana iya barin allura hankalinsa kwance, gama unguwanni cike suke da masu ita. A ƙauyen Jazira kuwa, inda mai yiwuwa tsoho ɗaya ne ya rage wanda ya san yadda ake fasa wuya da zana aska, ranar da aka kai shi makwancinsa ba a sami wanda ya karɓa ba, sana'ar ta ƙare a wannan gari, kuma babu kasuwar da za a je a sayo ta.

Game da tsoron a nuna mu da yatsa, ina girmama dattawan da suka ɗanɗani ɗacinsa, amma ban ga ɓoye riga ya taɓa saya wa kowa takardar ƙasa ko ya kare shi daga fitina ba. Sudan ƙasa ce mai sutura iri-iri: mutumin Bija yana yafa mayafinsa a kan sidiri, 'yan ɗariƙar Ansar suna sa jallabiyarsu mai aljihu gaba da baya, masaƙan Shandi suna alfahari da yadinsu na dammuriyya, babu kuwa wanda ya fita daga ƙasa saboda haka. Agashe, watau tsire, wanda Hausawa suka shigo da shi, yau ana cinsa daga Umdurman har Bur Sudan, kuma an san masu shi. Abin da aka fito da shi fili da kyau da mutunci yakan zama dukiyar ƙasa duka. A wata nahiya ma an ga haka: mutanen tsaunukan Sikotilan suna da wani zanen ulu mai tattara da mazansu ke ɗaurawa daga ƙugu zuwa gwiwa, wanda hukumar Birtaniya ta haramta a 1746 ta kuma soke haramcin a 1782, yau suna zuwa aiki da wando kamar kowa, amma ranar aure da taron dangi sai su fito da shi, kuma har yanzu akwai masu koyon ɗinka shi da hannu, yadi takwas a jiki guda, don kada ilmin ya mutu.

Haɗarin ɓarna kuwa magani gare shi, kuma magabata sun san shi: ba a fara koyo a kan shadda. Yaro yana farawa da hula, ya koma 'yar shara ta dammuriyya mai araha, ya yi rigar ƙanensa, sai hannunsa ya faɗa kana a ba shi almakashi a kan yadi mai daraja, wuyan farko kuma a fasa shi a gaban gwani. Lokaci ma yana samuwa ga wanda bai ɗora wa kansa gama riga a mako guda ba, domin aikin allura aiki ne na tsakanin azahar da la'asar, da na hirar zaure, da na watan azumi. Kuma mata a Birnin Zariya sun nuna cewa aikin riga yana iya shiga cikin gida ya zama abin dogaro ga iyali, ba tare da ya ƙwace wa tela kekensa ba, tun da shi ne ke haɗa jiki su kuma su yi ado.

Hukuncin da na ga ya fi kusa da daidai shi ne wannan. Ba a wajabta wa kowane magidanci ya ɗinka rigarsa ba, kuma wanda ya sayi jallabiyarsa a kasuwa bai yi abin zargi ba. Amma ya wajaba a kan kowace zuriya, ko aƙalla kowane ƙauye, a sami wanda ya iya babbar riga tun daga awo har zuwa aiki, kuma rigar idi da ta ango da ta naɗin sarauta a ɗinka ta a cikinmu, ko da za ta ɗauki watanni. Saboda haka ina kira ga sarakunanmu da limamai, daga Mai Wurno har ƙauyukan Managil, su bincika su san tsofaffin da suka rage da wannan ilmi. Ina kira ga malaman makarantun allo su mayar da allura hannun almajirai kamar yadda take a dā. Ina kira ga masu hali su sayi yadin koyo da zare, su kuma biya mai aikin hannu ladan da ya dace da wahalarsa. Wanda yake da tsoho mai wannan sana'a a gidansa, ya tura masa yaro tun a wannan shekara. Allah ya zaunar da ƙasar Sudan lafiya, ya mai da kowa gidansa, ya sa albarka a cikin sana'ar hannuwanmu, amin.